Ranar da Rediyo Ta Kama Baba Masinja

"To, jiya mun tsaya inda mai fito ya sayar da kwale-kwalensa ya sayi jaki," in ji Baba Masinja, yana gyara zama a kujerarsa ta roba.

Yaran suka yi masa ca.

"Wane jaki kuma, Baba?" Lauya ne ya tambaya, ɗan mai kantin ƙofar gidanmu, yaron da ko gaishe shi ka yi sai ya nemi hujja.

"Jaki mana. Fari, mai tabo a goshi."

"Babu jaki a littafin nan."

"Nuna mini inda aka rubuta babu jaki."

"Ai ba a rubuta irin wannan, Baba. Amma a ƙarshen shafin jiya an ce ya wuni yana toshe ɓular kwale-kwalen. Mutum zai wahalar da kansa a kan abin da ya riga ya sayar?"

Baba Masinja ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka ritsa a shagon wani. "An kama ni. A yanke hukunci."

Dokar wasan ke nan. Kullum kafin a ci gaba da karatu sai ya maimaita labarin jiya, ya cusa ƙarya a ciki. Wanda ya kama shi, kuma ya kawo dalili daga littafin, shi ne alƙalin ranar. Lauya ya yanke cewa Baba ya je ya gai da Inna, matarsa, yadda yake gai da manyan ofis a da. Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya nufi ƙofar ɗakinsu inda take zaune tana ɗinke maɓalli, ya ƙame, ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai saƙo?"

"Akwai," in ji Inna, ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ka gaya wa maigidan nan ya daina zubar da girmansa a gaban yara."

"Saƙo ya isa, ranki ya daɗe. Ya ce girman ya daɗe da zubewa."

Ni duk ina ji, domin teburina na guga a ƙarƙashin matakalar bene yake, taku kaɗan daga ƙofarsu. Wanki da guga ne sana'ata. Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a sama, ɗakuna a ƙasa, famfo ɗaya a tsakar gida, igiyoyin shanya sun gitta ko'ina har dogon mutum sai ya sunkuya. Makaranta ban yi nisa ba. Ina iya karanta sunan mai kaya a jikin leda, in kuma aka ba ni lokaci ina iya haɗa layi biyu zuwa uku. Shi kuwa Baba Masinja ya yi rayuwarsa yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Ya ce rabin aikin masinja zaman benci ne a ƙofar wani, kuma a kan bencinan nan ya karance tsofaffin littattafan labari, irin waɗanda aka rubuta tun ba a haifi iyayenmu ba. Wanda suke karantawa a lokacin bangonsa ya daɗe da cirewa, Inna ta yi masa sabo da kwalin sabulu. Labarin wani mai fito ne da ƙanensa a bakin wani babban kogi.

Idon Baba ya yi rauni, saboda haka ba shi ke karantawa ba. Ƙanwata ce. Tun rasuwar iyayenmu ni ne uwarta ni ne ubanta, kuma babu abin da nake taƙama da shi a gidan nan kamar bakinta. In ta buɗe littafi ba ta tuntuɓe, ba ta in-ina, murya tar, har masu ɗiban ruwa sukan kashe famfo su saurara. Shi ya sa ake ce mata Rediyo. Amma tun da aka fara wasan nan, yaran gidan kowa ya taɓa zama alƙali, har Auta, ɗan tela, da bai gama famfara ba. Rediyo kaɗai ce ba ta taɓa ba. Ita ke karanta shafin da bakinta, washegari Baba ya ce mai fito ya auri kada, ta zuba masa ido kawai.

Ni ban ɗauki abin da zafi ba sai da malamar ajinsu ta aiko in je. Na sa rigata mai kyau na tafi. Mace ce mai kirki, ta ba ni kujera. Ta miƙa wa Rediyo wata takarda ta ce ta karanta, ta karanta, ni kuma ina ta washe baki. Sai malama ta karɓe takardar ta ce, "Wa ya fita daga gidan a labarin nan?"

Rediyo ta juyo ta kalle ni.

"Me ya sa ya fita?"

Rediyo ta dubi rufin aji.

"Kada ranka ya ɓaci," malama ta ce da ni. "Ba daƙiƙiya ba ce. Kalmomin ne suke wucewa ta bakinta ba su tsaya sun gai da kanta ba. In haka ta ci gaba har ƙarshen shekara, dole ta maimaita aji."

Da muka kusa gida sai Rediyo ta juyo gare ni. "Yaya, in aka ce in maimaita, na bar makaranta. In zauna aji ɗaya da su ƙanen Lauya? Gara in zo in riƙa yayyafa maka ruwa a kaya."

Na san halinta, in ta faɗa ta faɗa. Ni kuwa duk zafin da ke dukan fuskata a ƙarƙashin matakalar nan, don kada ita ta tsaya a wurin nake shan sa.

Da yamma na gaya wa Baba Masinja. Ya saurara yana sosa gemu, sannan ya kira ta.

"Uwar ɗakina, zo nan. An ce za ki yi ritaya."

Ta tura baki.

"To ji nan. Ni na tsufa, kayana a ɗaure suke. Amma ba inda za ni sai kin kama ni da ƙarya ko sau ɗaya. In kin ga dama ki bar ni in yi ta zama har Inna ta gaji da ni."

"Na riga na gaji," in ji Inna daga cikin ɗaki.

Abin bai zo da sauƙi ba. Har ma ni na ƙara dagula shi wata rana. Baba ya ce ƙanen mai fito ne babba a gidan, yaran suka tsaya tunani, ni kuma ban san lokacin da na ce daga bayan tebur, "Haba Baba, ai shi ne aka goya ranar da suka yi ƙaura." Aka kwashe da dariya, aka ce Yaya Mai Guga ya zama alƙali. Kafin in gama jin daɗi na ji ƙauri, wuyan rigar wani direba ya yi ja. Rediyo kuwa ta ajiye littafin ta hau sama. Ranar ko abinci ba ta ci ba. Da na lallashe ta sai ta ce, "Har kai, Yaya."

Mafita ta zo ne daga inda ba mu zata ba. Wata Asabar da hantsi ina shanya, Baba yana shan iska a kujerarsa, sai ga ta ta raɓo kusa da ni tana magana ƙasa-ƙasa.

"Yaya, matar tela ta yi faɗa da mijinta."

"Ke ta gaya wa?"

"A'a."

"Kin ji hayaniya?"

"Ko kaɗan. Dubi igiya. Ta wanke nata da na yara, nasa na nan a bokiti tun jiya. Kuma yau shi ya fito da kansa ya sayi burodi, bai ma san kuɗinsa ba."

Na buɗe baki zan yi mata faɗan sa ido, sai na ji Baba yana dariya har da buga ƙafa.

"Zo nan, uwar ɗakina. A ina aka rubuta sun yi faɗa?"

"Ba a rubuta ba."

"Amma kin karanta."

Ta waiwaya ta sake duban igiyar.

"Ashe gwanar karatu ce ke, a igiyar shanya. To mutanen cikin littafin nan ma maƙwabta ne. Suna shanya kayansu a fili, ke ce kike wucewa a guje. Daga yau littafin a hannunki zai riƙa kwana. Ki karanta shafi ɗaya, ki rufe, ki zo ki yi wa yayanki gulmar mai fito. Ban ce ki maimaita masa abin da aka rubuta ba. Gulma nake so, irin wadda kika yi yanzu."

"Baba, gulma ba kyau," na ce.

"Ta waɗannan halal ce. Ba su da rai, ba su da dangi a gidan nan."

Haka muka fara. Ta dawo daga makaranta, ta zauna a kan matakala daidai saman kaina, ta karanta, ta rufe. Da farko sai ta zubo mini shafin kamar yadda yake, har da inda aka ce "in ji shi". Ni kuma in ce, "Ban gane ba. Faɗa mini yadda za ki faɗa wa ƙawarki." Ta yi tsaki, ta sake buɗewa. Wani lokaci shafi ɗaya ya cinye mana guga mai yawa. Sannu a hankali sai na fara jin irin su, "Yaya, ƙanen nan fa ɗan rainin hankali ne," ko, "Ni dai ban yarda da attajirin nan ba, yawan murmushinsa ya yi yawa." In na ce me ya sa, wani lokaci ta sani, wani lokaci ta ɗaga kafaɗa. A wurin wasa dai har yanzu Lauya yana riga ta. Ta gaya mini takan ji ƙaryar ta taɓa ta a wani wuri, amma kafin ta lalubo inda take, an riga an yanke hukunci.

Sai jikin Baba ya fara.

Wata safiya ya fito sanye da tsohon kakinsa na aiki, maɓallai a rufe har wuya, yana tambayar wa ya ɗauke masa keke, ga shi ya makara. Yaran da ke shirin makaranta suka yi ta dariya. Auta ya ce, "An kama ka, Baba, ba ka da keke." Shi ma ya yi dariyar, amma na ga idonsa yana yawo a tsakar gida kamar baƙo. Inna ta fito ta kama hannunsa ta mai da shi ɗaki. Da rana ta kawo mini zanen gado, ta tsaya a bakin tebur fiye da yadda ta saba.

"Ɗan nan, na yau ba wasa ba ne. Mun je asibiti tun wancan mako. Zuciya ce, kuma likita ya ce mantuwar za ta riƙa zuwa tana tafiya. Jiya da sunan yayarsa ya kira ni, ita kuwa ta rasu tun ba a yi benen nan ba."

"Allah ya ba shi lafiya, Inna."

"Amin. Amma ni na ga kaya a ɗaure, kamar yadda yake faɗa."

Magana ba ta ɓoyuwa a gidan haya. Kafin mako ya zagayo yaran sun ji. Lauya ya tara su a bakin famfo, ina jinsu ina matse wanki. Ya ce babansa ya ce wanda ba shi da lafiya ba a yi masa gardama. Saboda haka daga yau duk abin da Baba ya faɗa, a ce haka ne. Kowa ya yarda. Ni ma a raina na ce yaran nan sun yi hankali.

Karatu ya koma cikin ɗaki, domin fitowa ta fara yi masa wuya. Ɗaki ne ƙarami: gadon ƙarfe, akwatin ƙarfe a ƙarƙashinsa, kanta guda cike da littattafan da damina ta kumbura, kakinsa a rataye a ƙusa, taga ɗaya mai kallon igiyoyin shanya. Yara su zauna a ƙasa, Rediyo a bakin gado, ni in bar guga in jingina da ƙofa.

"Jiya," in ji Baba, "mai fito ya rikiɗa ya zama kifi."

"Haka ne, Baba."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Kifi mai tabarau."

"Haka ne, Baba," in ji Lauya, da murya irin ta masu gai da mara lafiya.

Ya yi wa Rediyo alama ta karanta, ya juya fuska bango. Washegari ma haka, da ranar da ta biyo. Abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi, magani sai Inna ta yi da gaske. Wata rana na shiga karɓar kayan wanki, ya riƙe mini hannu.

"Mai Guga, yaran nan sun binne ni ina zaune."

"Tausayinka suke ji, Baba."

"Na sani. Shi ya fi ciwo."

Na so in je in rushe dokar Lauya, amma kafin in fita daga ɗakin ya sake tambayata ko an ga kekensa. To wa zai iya rabe wasan da cutar? In yaro ya ce masa ƙarya kake a ranar da da gaske ya manta, ina za mu sa kanmu? Na kwashi kayan na fita.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, bayan an taso makaranta. An ɗan yi yayyafi, na kwashe shanya da wuri. Inna ta ajiye shayi da burodi a kan akwati tun rana, ko taɓawa bai yi ba. Rediyo ta karanta babin da ƙanen mai fito ya zo da kayansa a ɗaure, zai haye kogi ya tafi neman arziki, yayan ya ce yau ba ya fito. Ƙanen ya roƙa, ya yi fushi, ya zage shi a gaban mutane, mai fito bai ce uffan ba, yana zaune yana kallon ruwa. Ƙanen ya koma gida yana huci. Nan babin ya ƙare.

Baba yana kwance, ido a lumshe. Na ɗauka barci yake. Sai ya ce, a hankali, "Hassada ke nan. Ba ya so ƙanensa ya je ya samu, ya dawo ya fi shi. Mugun mutum ne mai fiton nan."

"Haka ne, Baba," in ji yaran.

Rediyo ba ta ce ba. Na ga ta ƙura wa bangon kwalin sabulun ido, tana murza gefensa da yatsa.

"Ba haka ba ne."

Lauya ya zungure ta a ƙafa. Inna ta ɗago kai. Ni ma na yi mata ido, ba ta ko kalle ni ba.

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Wa ya yi magana?"

"Ni ce. Ba mugu ba ne, kuma ba hassada ba ce."

"Yarinya, na karanta littafin nan tun ba a haifi yayanki ba."

"To ka manta. Ruwa ne zai zo, shi ya sa ya hana shi."

"A ina aka ce ruwa zai zo? Ko hadari babu a babin nan."

Ta fara buɗe shafuka baya. "Ga shi. Da safe da ya je bakin kogi, an ce ya ga ɗanyen ganye da rassa suna wucewa. Ɗanye fa, Baba. In ba a yi ruwa a nan ba, to an yi a can sama, yana tafe. Kuma nan," ta sake juyawa, "ya ɗaure kwale-kwalen da igiya biyu. Kullum da ɗaya yake ɗaurewa, an faɗa tun farko."

"Wataƙila igiyar ta tsufa."

"To attajirin fa? Shi ma ya zo da safe, mai fito ya ƙi haye da shi. Shi ma hassadar yake yi masa? Ai ya riga ya fi shi."

Auta ya yi dariya, ya toshe baki. Baba ya yunƙura, Inna ta sa masa matashi a baya. Rabon da in ga ya zauna da kansa har na manta.

"To na ji. In ruwa ya gani, me ya hana shi buɗe baki ya ce, ƙanena, ruwa na tafe? Mutum ya zauna ana zaginsa kamar gunki?"

Nan ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo. Lauya ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa yatsa ba tare da ya dube shi ba.

"Don ya san halinsa," in ji Rediyo. Yanzu ba ta duba littafin ba. "Ka tuna suna yara, da ya ce masa kada ya hau bishiyar nan reshen ya ruɓe? Ai don an ce kada ya hau ne ya hau, ya karye. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu akwai haɗari, sai su ce su ba matsorata ba ne. Da ya ce masa ruwa na tafe, wallahi da iyo zai faɗa. Shi ya sa ya yi shiru. Gara ya zage shi ya koma gida da fushi, da ya yabe shi ya tafi a ruwa."

"A ina aka rubuta wannan?"

"Ba a rubuta ba. Amma yana nan."

Baba Masinja ya dube ta, ya daɗe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta taso tun daga ciki, ta haɗu da tari, Inna tana bubbuga masa baya tana cewa, "Kai dai ba ka da dama." Ya ɗaga hannun dama sama. Na hagun ya ƙi tashi.

"Ranki ya daɗe, ɗaga mini ɗayan."

Inna ta kama hannun ta ɗaga.

"An kama ni," in ji shi. "Kuma babban kamu. A yanke hukunci."

Rediyo ta share hanci da bayan hannu. Ta duba ɗakin, idonta ya sauka a kan akwati.

"Ka cinye burodin nan duka, ka shanye shayin, ka sha magani."

"Kai. Wannan alƙaliya ba ta da imani. Lauya, ba za ka nema mini sassauci ba?"

Lauya ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga. Ya ce wanda yake karewa tsoho ne, kuma shayin ya huce. Alƙaliya ta ce a ɗumama. Ya ce a rage burodin zuwa rabi. Ta ce saboda ya yi wa mai fito ƙazafi, ba ragi. Ni aka aika ɗumama shayi. Da na dawo na tarar ɗakin ya kaure, kowa na faɗin ƙaryar da ya gani a kwanakin baya ya haɗiye, Auta yana ta nanata cewa shi tun ranar kifi mai tabarau cikinsa ke ciwo. Baba ya ci burodinsa a hankali, yana tsoma shi a shayi, yara na ƙirga masa loma. Bai bar komai ba.

Daga ranar dokar bakin famfo ta mutu. Aka koma kama shi kamar da, har fiye. Wani lokaci ƙaryar ta wasa ce, wani lokaci kowa ya san mantuwa ce, amma shi duk ɗaya ne a wurinsa, ya ɗaga hannu, a yanke hukunci. Yawancin hukuncin abinci ne. Inna ta ce da ta san haka ne, da tun tana amarya ta tara yara. Rediyo ta sake kama shi, ba sau ɗaya ba, har Lauya ya fara ƙorafin cewa littafin a ɗakinsu yake kwana.

Bai daɗe ba bayan haka. Wata safiya yara sun tafi makaranta, gidan ya yi shiru, ina bakin famfo ina ɗauraya, sai Inna ta fito ta tsaya a bayana.

"Ɗan nan, ajiye wankin nan ka zo. Masinja ya tafi."

Na shiga. Yana jingine da matashinsa, kofin shayi a kan akwati, ya sha fiye da rabi. Ta ce yana cikin ba ta labarin wani shugaban ofis mai tsoron ƙadangare, ya tsaya kamar yana neman kalma, ita kuma tana jira. Allah ya jiƙansa. Littafin bai ƙare ba, saura babi kaɗan.

Yaran sun yi kuka, amma a kwanakin zaman makoki in ka ji dariya a tsakar gida, to su ne, suna ba baƙi labarin jaki mai tabo a goshi. Bayan mutane sun watse na sami Inna ita kaɗai, na yi mata tambayar da ke cina.

"Inna, ranar nan da ya ce mai fito mugu ne. Mantawa ya yi, ko tarko ya ɗana mata?"

Ta yi murmushi tana naɗe tabarma. "Tun ina yarinya nake tare da mutumin nan. Ban taɓa sanin ranar da yake wasa ba."

Maganar barin makaranta Rediyo ba ta sake tayar da ita ba, ni ma ban tambaya ba. Malama dai ta tare ni a hanya ta ce yanzu matsalarta da yarinyar ɗaya ce, gardama.

Inna ta ba ni kayan Baba in wanke in goge, za ta rabar. Ranar da na zo kan kakinsa, la'asar ta yi, rana ta sauko ta tsakanin igiyoyi ta kwanta a matakala. Na yayyafa ruwa, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Can na lura tun ɗazu ban ji motsin kowa a saman kaina ba, na leƙa. Tana nan zaune, littafin a gwiwa, haɓa a tafin hannu, bakinta a rufe. Ta ɗaure fuska, ta ɗan yi tsaki, ta lashi yatsa, ta koma shafin baya.